Makonnin da ƙarfe ya gagare ni

Ni tela ne, kuma shekara uku ke nan ina ɗaga ƙarfe a wani fili da ke unguwarmu, inda muke da benci biyu, da sanduna, da gwangwanayen da aka cika da siminti. Da an idar da sallar asuba nake tafiya, sau huɗu a mako. Kafin Babbar Sallar bara, nakan kwanta a benci in tura kilo 70 sau takwas ba mai tallafa mini.

Sai ɗinkin Sallah ya taso. Duk wanda ya san shagon tela ya san halin da ake shiga: yaduka jibge, masu kaya na ta sintiri. Nakan kai biyun dare a kan keke, goro a baki, kofi a gefe, ina runtsawa kiran sallah ya tashe ni. Barcin awa uku, wata rana huɗu. Duk da haka ban fasa zuwa fili ba, don a ganina fashi ne kaɗai ke zubar da ƙwanji.

A mako na uku, kilo 70 ɗin nan ya tsaya mini a ƙirji tun a turi na biyar. Cinyoyin da ke sakina bayan kwana biyu suka koma yin tsami har kwana huɗu, alhali ban rage wake da ƙwai da awarar da nake ci ba. Ranar da kafaɗata ta dama ta ɗauki zogi, mai filin ya karɓe sandar ya dube ni.

"Ƙanena, idonka ya faɗa. Awa nawa kake barci?"

"Uku zuwa huɗu, Yaya."

"To je ka kwanta. A nan farke tsoka kake yi, a kan katifa ake ɗinke ta."

Maganar ta tsaya mini a rai har na shiga bincike. Ashe mafi yawan sinadarin da ke gyara tsoka da gina ta a cikin barci mai nauyi na farkon dare jiki ke fitar da shi. A 2011 masana a Jami'ar Chicago ta Amurka sun taƙaita barcin wasu samari lafiyayyu zuwa awa 5 na tsawon mako guda, sai sinadarin testosteron ɗinsu, wanda ke taimakawa wajen gina tsoka, ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Abin da ya fi tayar mini da hankali wani bincike ne na 2010 a kan masu rage ƙiba: waɗanda aka ba awa 5 da rabi sun fi zubar da naman jiki, kitsen kuma ya fi zama, in an kwatanta da lokacin da suka samu awa 8 da rabi. Ga kuma kofi, wanda rabin ƙarfinsa kan kai kusan awa 5 a jini. Wato ko ɗan barcin da nake samu ma ba mai nauyi ba ne.

Kwana goma na yi ban taɓa sanda ba. Na daina shan kofi daga la'asar, na riƙa yin ƙailula ta minti ashirin bayan azahar, da dare kuma na nemi awa 7. Da na koma, daga kilo 50 na faro, sai da na yi makonni shida kafin na sake tura 70.

Bana, saura mako biyu Sallah na daina karɓar ɗinki, ko da na ɗan uwa ne. Na yi asarar kuɗi, wasu ma sun yi fushi. A ranakun da aiki ya kai ni sha biyun dare kuwa, washegari ba na zuwa fili. Kafaɗar har yanzu takan motsa idan sanyin hunturu ya shigo.