Jimla ɗaya da na warware na fara gane nahawun Sifaniyanci

Kallon La Liga ne ya ja ni koyon Sifaniyanci, so nake in riƙa jin abin da 'yan wasa ke faɗa bayan an tashi ba sai wani ya fassara min ba. Na ɗan taɓa Duolingo, manhajar koyon harsuna, amma haddar kalmomi kawai nake, sai da na ɗauki jimla ɗaya na zauna na yi mata filla-filla sannan kaina ya fara ɗauka. Ga ta: Mi hermana está en casa y quiere un café caliente, wato 'yar'uwata tana gida kuma tana son kofi mai zafi.

Abin da na lura shi ne Bahaushe in ya bi ta Hausa ya fi saurin ganewa a kan ya bi ta Turanci. Su ma kowane suna namiji ne ko mace, kuma yawanci mai ƙarewa da a mace ce kamar dai namu, hermana mace hermano namiji (h ɗin ba a furta ta sam). Har masu kauce wa dokar suna da su, el día da el problema maza ne duk da a ɗin, to mu ma ai gida da ruwa da nama maza ne ba mu taɓa damuwa ba.

Inda na fi daɗewa shi ne está. Suna da fi'ilai biyu, ser da estar (está daga estar ta fito), masu Turanci kuka suke da su don su abu ɗaya gare su, wato to be, ni kuwa da na gwada sai na ga ita likita ce shi ne es doctora, tana gida kuma está en casa, kusan rabon da muke yi tsakanin ne/ce da yana/tana. Ba kullum yake dacewa ba amma wallahi ya rage min wahala sosai. Café caliente kuwa ba sai an yi bayani ba, sifa a bayan suna kamar kofi mai zafi.

Quiere ce mai ɗan taurin kai. Mu a gaba muke nuna mai aikin, ina so kana so tana so, su a wutsiyar kalmar suke sa shi, quiero quieres quiere, shi ya sa ba sa damuwa da faɗin yo (ni) ko ella (ita). Asalin fi'ilin querer ne, e ta koma ie, amma in ka zo kan muna so sai ta dawo queremos, wannan kam haddace shi na yi.