Kakin da ban ɗinka ba

Shagona yana Agege a Legas, ba nisa da layin dogo, kuma duk wanda ya san ni ya san aikina: kaftani, babbar riga, jamfa da wando, sai kayan ango idan biki ya kama. A Fagge na koyi ɗinki, wurin ƙanen mahaifina. Shekara guda cur bai bar ni na hau keke ba, sai guga da sa maɓalli da farke kuskuren wasu. Ranar da ya fara miƙa min almakashi, wuyan riga ya ce in fitar, na karkace shi da kamar faɗin farce. Bai yi faɗa ba. Rataye rigar ya yi a bakin ƙofa har kwana uku, kowa ya shigo sai ya tambayi wa ya yi wannan aika-aika. Har gobe ba na sa almakashi a wuya sai na auna sau biyu.

Shi ya sa masu ɗinkin sha-yanzu-magani-yanzu ke ƙona min rai. Mutum zai kawo shadda an buga mata tambarin Getzner, kamfanin shadda na Ostiriya, ka taɓa ka ji ko hanyar Ostiriya ba ta sani ba. Aska takwas da ake zama a yi da allura a Zariya, makonni ana abu ɗaya, yanzu inji ke watsa ta kafin azahar. Sannan mai kaya ya dube ka ya ce, "Malam, a can ƙasan gada rabin wannan kuɗin ne." To a je can. Wanki biyu zare zai tashi, a dawo min da gyara.

Abin da zan faɗa bayan Babbar Sallah ya faru, lokacin da kasuwar tela ke kwanciya, ga mai gidan haya yana jiran kuɗin shekara. Wasu mutum biyu suka zo da yamma, ɗaya Bahaushe, ɗayan Turancin buroka kawai yake yi. Suka zaro kakin soja mai rodi-rodi daga leda, riga da wando, suka ce irinsa suke so guda talatin. Yadi nasu, anini nasu, ni dai ɗinki. Kuɗin da suka yanka ya ninka na kaftani sau uku, rabi kuma kafin alƙalami.

Na juya rigar ciki waje, ido na tela. Ɗinki layi biyu, aljihu mai marfi, an ƙara ƙyalle a gwiwar hannu. Ba abin da zai gagare ni, ƙarya ne ma in ce raina bai biya ba.

Na ce, "Alhaji, akwai takarda daga bariki?" Ya ce fim za su yi. Na tambayi kamfanin, sai ya yi dariya: "Malam tela, ɗinki aka kawo maka ko tambaya?" Daga nan ya jero sharuɗɗa. A yi da daddare, kada yara su ɗauki hoto, kuma a tattara masa duk ƙyallayen da suka rage, ko guntu kada ya kwana a shagon. Maganar ƙyallayen nan ce ta tsaya min a wuya. Na yi wa masu wasan kwaikwayo ɗinki, ban taɓa ganin wanda ya damu da sharar ƙasan tebur ba.

Dokar ƙasa ta hana farar hula sa kakin soja ba da izini ba, ga barikin Ikeja nan kusa da mu. Amma ba tsoron kamu ne ya fara zuwa min ba. Hanyar gida na tuna: Ibadan, Ilorin, Jebba, Mokwa, cikin motar dare. Direbobin da ke sauke tumatir da albasa a Mile 12 da yawansu ni ke musu ɗinki, kuma na sha jin labari a bakinsu. Direba in ya hango kaki a tsakiyar titi birki yake takawa, ba ya tsayawa tambayar wa ke ciki. Iyalina ta wannan hanyar suke bi duk hutu.

Na ninke rigar na mayar cikin ledarta. "Alhaji, a yi haƙuri, wannan ba layina ba ne." Ya ƙara kuɗi, na sake ba shi haƙuri. Suna fita babban yarona ya ce, "Maigida, in ba mu yi ba wani zai yi fa." Na ce na sani, ya je ya hura gawayin guga.

Kuɗin haya kashi uku na raba shi na biya a shekarar, mai gida yana ta mita da Yarabanci, ina ta "ẹ jọ̀ọ́, Baba".

Masu biki dai a riƙa kawo kaya da wuri. Babbar riga mai aikin hannu ba ta yiwuwa a mako guda, kuma shaddar da na taɓa na ji jabu ce, a gaban mai ita zan faɗa kafin in sa alli.