Sunan da na kama ina ɗan shekara tara

Tun watan jiya nake zama da ɗiyar ƙanwata bayan sallar isha'i a barandar gidanmu da ke Agege, muna karanta wani wasan kwaikwayo da aka ɗora musu a jami'a, wato The Crucible na Arthur Miller, marubucin nan ɗan Amurka. Ita ce ta kawo mini littafin, ta ce, "Kawu, Turancin nan ya yi mini tsauri, ka taimaka mu bi shi tare." Na karɓa da niyyar in warware mata kalmomi kawai, amma kafin mu gama kashi na farko sai na ga littafin yana tono mini wani abu da na daɗe da binnewa.

An gina wasan a kan abin da ya faru a Salem, a yankin Massachusetts na Amurka ta yau, cikin shekarar 1692, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin Ingila. 'Yan mata biyu a gidan limamin cocin ƙauyen, Samuel Parris, wato 'yarsa Betty mai shekara 9 da Abigail Williams mai shekara 11, suka fara fizge-fizge da ihu, likita ya duba bai gano komai ba, sai aka ce sammu ne. Manya suka matsa musu su faɗi wanda ke cutar da su, suka ambaci mata uku: Tituba, baiwar gidan, da Sarah Good wadda ke yawon bara, da Sarah Osborne wadda ta daɗe ba ta zuwa coci. Duk wanda ya dubi waɗannan ukun zai ga cewa an fara ne da waɗanda ba su da mai tsaya musu. Kafin wutar ta mutu an zargi mutum sama da 200, an rataye 19, an kuma danne wani tsoho mai suna Giles Corey da duwatsu har ya cika, saboda ya ƙi buɗe baki ya amsa tuhumar ko ya musa ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin shaidar da kotun ta karɓa. Yarinya za ta ce ta ga siffar wance ta zo mata da dare tana mintsinin ta, alhali ita wance tana kwance a ɗakinta tare da iyalinta, kuma wannan magana ta isa hujja. Ta yaya mutum zai kare kansa daga abin da aka ce kurwarsa ce ta aikata? Ba shi da shaidar da zai kawo, domin mai zargin kaɗai ke gani. Sannan waɗanda suka amsa laifin, suka tsaya a kan amsawarsu, suka kuma ambaci wasu, ba a rataye su ba. Masu cewa ba su aikata ba su ne suka hau igiya. Rebecca Nurse, tsohuwa mai shekara 71 da maƙwabtanta suka shaida da ibada, da farko an wanke ta, amma da 'yan matan suka ɓarke da kururuwa a cikin kotu sai aka nemi masu yanke hukunci su sake tunani, suka sauya magana, aka rataye ta ranar 19 ga Yuli.

Miller ya fitar da wasan a 1953, zamanin da ake farautar masu ra'ayin gurguzu a Amurka, ana kiran mutum gaban kwamitin majalisa a ce ya ambaci abokansa in yana son ya tsira da aikinsa. Shi kansa an kira shi a 1956, ya kuma ƙi ambaton kowa. Ina girmama shi a kan wannan, amma akwai inda muka saɓa. Ya ɗaga shekarun Abigail zuwa 17, ya ƙulla mata alaƙa da jarumin wasan, John Proctor, wanda a zahiri ya kai kimanin shekara 60, domin ya ba ta dalilin kishi da ramuwar gayya. Wasan ya yi armashi da haka, sai dai yana sa mai karatu ya ɗauka cewa irin wannan musiba ba ta aukuwa sai an sami wani mugu da ya shirya ta. Ni na san ba haka ba ne, domin na taɓa zama yaron da aka tambaya.

Ina ɗan shekara tara, a ƙauyenmu na ƙasar Katsina, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ni da damina har ina sambatu. Ina tuna hayaƙin da aka turara mini, da fitilar ƙwai, da mata cike da ɗaki, wata goggota tana riƙe da kaina tana cewa, "Ɗana, wa kake gani? Faɗi sunanta ta sake ka." Ban ga kowa ba. Aka yi ta maimaita tambayar, har wata murya daga bakin ƙofa ta ce, "Ko mai daddawar nan ce?" Ni kuwa na gaji, ina son a bar ni in yi barci, sai na gyaɗa kai. Shi ke nan, aka ce yaro ya kama suna.

Matar bazawara ce da aure ya kawo ta garinmu, ba ta da dangi a kusa. Aka je aka taso ta cikin daren, tana rantsuwa tana kuka, aka ce in ba ta riƙe kurwata ba mene ne na tsoron tsallakawa. Ta tsallake ni sau uku jama'a na kallo. Washegari mahaifina ya ɗora ni a keke ya kai ni asibiti, aka yi mini allurai, na warke, amma a bakin mutanen gari tsallakawar ce ta warkar da ni. Da ta ƙi, da an ce ta ƙi sakin yaro. Da ta yarda, an ce ta amsa maita da kanta. Daga ranar ba a ƙara sayen daddawarta ba, yara suna ganin ta suna tofar da yawu, kuma aka fasa auren 'yarta da aka riga aka sa wa rana, wai a nono ake shan abin. Mutanen da suka yi wannan ba azzalumai ba ne a idona, tsoro ne da son da suke mini ya kai su. Muna yawan cewa in maye ya ci ya manta uwar ɗa ba za ta manta ba, amma ban taɓa jin an tambayi yadda wadda aka yi wa ƙazafin maita take kwana ba.

Da na ba ɗiyar ƙanwata wannan labari, ta yi shiru, sannan ta ce, "Kawu, ai haka ake yi a kasuwa in an yi ihun ole, wato ɓarawo, kafin a tambayi abin da aka sata an riga an kawo taya." Na ce mata ta rubuta wannan a aikinta da bakinta, domin ta fahimci wasan fiye da yadda ƙamus zai fahimtar da ita.

A tarihin Salem akwai wani ɓangare da ya biyo bayan inda wasan ya tsaya. Gwamna William Phips ya rushe kotun a watan Oktoba na 1692. A 1697 ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe tsaye a coci aka karanta takardar tubarsa. A 1706 Ann Putnam, wadda take da shekara 12 lokacin da ta riƙa ambaton sunaye, ita ma ta tsaya gaban jama'a ta nemi gafara, ta ambaci iyalan Rebecca Nurse musamman. Ba ta fake da cewa ita yarinya ce a lokacin ta yi shiru ba, ni kuwa shekara da shekaru da wannan uzurin nake fakewa.

A daren da muka rufe littafin na kira mahaifiyata a waya. Ta ce mai daddawa ta daɗe da rasuwa, amma 'yarta tana nan da rai a wani gari kusa da namu. Na roƙi yayana ya raka ni wurinta idan na je gida da Babbar Sallah, ya kuma amsa.