Yawon amarcinmu a Disney World, da bororo huɗu a ƙafa

Tun saura wata uku biki na zauna na tsara tafiyar nan a takarda, awa bayan awa, har lokacin shan ruwa sai da na rubuta, don ni in ba a rubuta abu ba hankalina baya kwanciya. Oga kuwa ko kallon takardar baiyi ba, magana ɗaya yake ta nanatawa, wai duk wani lilo mai ban tsoro da ke wurin sai ya hau shi kuma hannunsa a sama zai ɗaga. To ku riƙe wannan maganar.

A watan Yuli muka sauka Orlando, jihar Filorida a Amurka, muna fitowa daga filin jirgi wani zafi mai danshi ya rufe mu kamar an buɗe mana murfin tukunya a fuska. Na dai karanta cewa Disney World ya kai kusan murabba'in kilomita 100, manyan filayen wasa huɗu ne a ciki da otal sama da 20, amma ji daban gani daban, gari ne guda wallahi, da bas-bas ɗinsu da jiragen ruwa da wani jirgi mai tafiya a sama kan dogo ɗaya. A otal ɗin Animal Kingdom Lodge muka sauka, wanda dabbobin dawa ke kiwo a harabarsa. Matar da ta karɓe mu tana jin sabbin aure ne ta miƙo mana baje guda biyu kyauta muka maƙala a riga, shikenan fa, daga ranar duk ma'aikacin da muka gifta sai ya taya mu murna, oga yana ta wani washe baki kamar shi kaɗai akai wa auren.

Da safe na ja labule kawai sai ga raƙumin dawa a ƙasan barandarmu yana cin ganye hankalinsa kwance, can gefe jakunan dawa uku. Oga ya jawo kujera yace amarya zo mu zauna. Nace ina, takarda tace bakwai da rabi muna cikin bas. Har yau in na tuna yadda na janye shi daga barandar nan sai naji kunya.

Filin wasan Magic Kingdom muka fara, shine na farko da aka buɗe ran 1 ga Oktoba 1971, shi Walt Disney mai kamfanin ma bai gani ba don ya rasu a 1966, yayansa Roy ne ya ƙarasa aikin. Fadar nan da kowa ke ɗaukar hoto a gabanta tsawonta ƙafa 189 ne amma a ido sai ka rantse ta ninka haka, dabara ce, duwatsu da tagogin sama an yi su ƙanana ne don ido ya ɗauka nisa ne. Kuma ashe inda muke takawa hawa na biyu ne, a ƙasanmu akwai hanyoyin da ma'aikata ke bi, shi yasa ba zaka taɓa ganin motar kaya tana ratsa mutane ba. Duk wannan ina karanto wa oga daga waya yana gyaɗa kai, ni kuma ƙafata tana ci da wuta ina ɓoyewa, don sabon takalmi na saka saboda hoto. Kar wacce ta gwada, don Allah.

Wajen ƙarfe uku gari yayi baƙi, tsawa ta fara, aka tsayar da lilon da ke waje kamar yadda suke yi in ana walƙiya, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka raɓe a gindin wani shago, takardata ta jiƙe, saura abu biyar bamu yi ba, na fara lissafi da ƙarfi ina cewa da mun fito da wuri da da da. Sai yace amarya, wai hutu muka zo ko aikin kwangila? Ai kuwa na kumbura. Faɗanmu na farko kenan a aure, cikin rigar leda, ga bajen murna a ƙirji, wani ma'aikaci ma ya wuce yana mana barka muna hararar juna. Bai ƙara cewa komai ba, da ruwa ya tsagaita ya ja ni ɗakin ba da agajin gaggawa ya karɓo filasta, ya durƙusa a gaban jama'a ya cire min takalmi, bororo huɗu ya ƙirga. Ya ɗago ya kalle ni, dariya ta ƙwace mana mu duka.

Washegari na nemi takarda sama ko ƙasa babu. Yace shi bai gani ba. Mukai awa biyu a baranda da shayi, sannan muka tafi Animal Kingdom, filin wasan dabbobi, a tsanake.

Nan ne ya fi burge ni gaskiya. An buɗe shi a 1998, a tsakiya akwai wata ƙatuwar bishiya ta ƙirar hannu mai ƙafa 145, an sassaƙa dabbobi sama da 300 a jikinta, kuma saboda lafiyar dabbobi ba a shiga da balan-balan. Muka hau buɗaɗɗiyar mota ta zaga da mu cikin dajin, dorina, kada, giwa, zaki kwance kan dutse ko ta kanmu bai bi ba, har sai da direba ya tsaya don karkanda ta tare hanya ta ƙi matsawa. Oga ya nuna wata kuka yace kai ji girma, nace yallaɓai siminti ce, har surin da kake gani siminti ne, dabbobin dai na gaske ne. Bai yarda ba har yanzu.

Sai Expedition Everest, lilon jirgi mai gudu kan dogo yana hawa dutse. Layin ya ɗauke mu kusan awa ɗaya kuma abin mamaki ban ƙosa ba, a layin nan naji labaran yarintarsa da duk tsawon neman aurenmu bai taɓa bani ba, don babu inda za shi kuma wayarsa ba caji. Na lura dai muna matsowa gaba maganarsa tana raguwa. Jirgin ya hau can ƙololuwar dutsen, kawai sai muka ga dogon ya katse a gabanmu, ya tsaya cak, shiru, sannan ya koma da baya a guje cikin duhu. Jama'a, mai ɗaga hannu sama! Salati yake yana kiran sunan mamarsa, ya damƙe min hannu har sai da zobe ya shata min yatsa, da muka gangaro ta gaba kuwa gudun ya kai kilomita 80 a awa, idonsa a rufe gam. Ashe a daidai nan kyamara take ɗaukar hoto.

Sauran filayen biyu kuwa, Hollywood Studios ba wani dogon labari, akwai liftar nan mai sako mutum daga sama, ni kaɗai na hau, shi ya riƙe jaka wai cikinsa ne bai daidaita ba. Epcot kuma mun zaga tafkin da aka jera ƙasashe 11 a bakinsa, a hankali saboda ƙafata, muka fi daɗewa a ɓangaren Maroko. Sarki Hassan na biyu ne ya turo magina daga ƙasarsa suka yi aikin kafin a buɗe a 1984, ga hasumiya irin ta Kutubiyya da ke Marrakesh, adon tayil ɗin kuma babu siffar mutum ko dabba ko ɗaya. Muka samu inuwa a wani tsakar gida mai maɓuɓɓugar ruwa muka zauna har barci ya fara ɗaukata a kafaɗarsa.

Wasan wuta na dare sau ɗaya muka tsaya kallo, yayi kyau sosai, amma sauran dararen a baranda muka ƙare muna leƙen dabbobi cikin ɗan hasken fitila.

Ranar tafiya ina haɗa kaya na tsinci takardata a cikin safarsa, ta bushe ta ƙanƙance. Na ɗago ta, shi kuma ya nuna wayata, don hoton Everest ne a fuskar wayar, bakinsa a buɗe har ana hango dasashi. Yace mu yi musaya, ya bani takarda in goge hoto. Nace riƙe takardarka yallaɓai, na riga na tura wa ƙanwarka.