Daren da kwalabe shida suka fashe a ɗakina

A zangon farko na karatun kimiyyar abinci da nake yi a Beljiyam, malaminmu ya ba mu aikin gida: kowa ya dafa lita 10 ta giya irin ta ƙasar, ya rubuta duk abin da ya auna. Na san galibin masu karanta wannan ba sa kusantar giya, kuma ina girmama hakan. Ni dai a gidan Kirista na tashi, a wani ƙauye na kudancin Katsina, ina ganin kakata tana dafa burukutu. Shi ya sa na ce a raina ai ni gado na yi, ba karambani ba.

Na zaɓi wadda suke kira tripel, irin da masu zuhudu na gidan ibadar Westmalle da ke Beljiyam suka fara fitarwa a 1934. Launinta ruwan zinare ne, ƙarfinta ya kan haura kashi 9 cikin 100. Kayan haɗin ba su da yawa: tsiron sha'ir kusan kilo 3, furen hop (wanda yake ba giya ɗaci), rabin kilo na farin sukari, sai yis. Na jiƙa barzajjen tsiron a ruwa mai zafin digiri 65 har awa ɗaya, domin a nan ne sinadaran cikinsa suke mayar da sitaci ya koma sukari. Da na ɗanɗana ruwan, sai zaƙin kunun tsiro na gida ya faɗo mini a rai. Na tace, na tafasa da hop, na huce shi zuwa digiri 19, na zuba yis. Ma'aunin kaurin ruwa, wanda awonsa yake sauka yayin da yis yake cin sukari, ya nuna 1.080.

Kwana biyu ɗakin ya cika da ƙamshin ayaba da kanumfari, alhali ko ƙwaya ban sa ba. Yis ɗin Beljiyam ne yake fitar da su da kansa, kuma yawansu ya danganta da zafin da ya samu.

A kwana na biyar na yi tafiyar ƙarshen mako. Lokacin hunturu ne, na kashe hita don tsimin kuɗi. Na dawo na tarar kumfa ta kwanta, iska ta daina fita daga bututun murfin. Na duba da ido, na sansana, na ce ta nuna, kamar dai yadda kakata take yi. Ma'aunin yana kan tebur, ban taɓa shi ba. Na ƙara ɗan sukari, na ɗura a kwalabe, na rufe.

Ashe yis bai gama aiki ba, sanyi ne ya sa shi barci. Da ɗakin ya yi ɗumi sai ya farka, ya ci gaba da cin sukarin da ya rage, iskar da yake fitarwa kuma ba ta da hanyar fita. A dare na goma na ji ƙara kamar ta bindiga. Kafin asuba kwalabe shida sun tarwatse, gilashi har cikin takalmina. Da a hannuna ɗaya ta fashe, da yanzu na rasa ido.

Malamin bai yi faɗa ba. Littafina ya karɓa, ya ɗora yatsa a kan layin da na bari fayau, ya ce kafin a rufe kwalba sai awo ya tsaya cak kwana uku a jere, kuma irin wannan giya wajen 1.010 take sauka.

Na daɗe ina tunanin kakata bayan haka. Iliminta daidai yake, amma na tukunyarta ne. Burukutu a buɗaɗɗiyar randa yake, ana shan sa yana kan tsima, cikin 'yan kwanaki ya ƙare, iska kuwa tana fita abinta. Ba ta taɓa rufe shi a gilashi ba, don haka ba ta bar mini gadon wannan tsoron ba. A wani fannin kuwa ta riga littafi: sitacin dawa ba ya sakin jiki sai zafi ya fi wanda sha'ir yake buƙata, shi ya sa take tsiyaye ruwan sama ta ajiye don kada zafi ya kashe sinadaran tsiron da ke cikinsa, ta dafa gasarar daban, sannan ta haɗa. Matsalar da kamfanonin giya da na lemon malt suka yi ta fama da ita ke nan bayan Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, suka koma ga dawa. A kan tsiron dawa nake rubuta kundina yanzu.

Dahuwa ta biyu na naɗe bokitin da bargo, na bar hita a kunne. Ranar 16 awo ya nuna 1.011, ranar 17 haka, ranar 18 haka. Sai a ta 19 na wanke kwalabe.