Daga Mancesta zuwa Sakkwato: ina takardarka?

Assalamu alaikum mutanen gida. Ya zafi? Gaisuwar ta tsaya nan, don tun da na ba Yaya labarin rigimata da wurin aiki wayata ba ta huta ba. Kowa tambayarsa ɗaya: wai da gaske na maka Bature a kotu? Bari in amsa gaba ɗaya, in kuma taɓa maganar sanyi da azumi da kuke yawan yi mini.

Ban je kotu ba. A gidan kula da tsofaffi nake aiki, aka riƙa zaftare mini kuɗin aikin dare. Na tafi ofishin Citizens Advice, masu ba jama'a shawara kan haƙƙoƙinsu, baki cike da rantsuwa. Matar ta bari na gama tsaf, sannan ta ce ina takardun albashi? Ina jadawalin aiki? Ina saƙonnin manaja? Ashe wallahi tallahi ba ta shiga fayil. Kwana uku ina zazzage jakunkuna, har na tsinci ɗaya ƙarƙashin robar yajin da Inna ta aiko, duk ta yi jajir. Ita ma an karɓa. Daga nan sai Acas, hukumar sulhun da ake fara bi kafin kotun ma'aikata, kyauta kuma. Wa'adin kai ƙara a lokacin wata 3 ne, a cire kwana ɗaya. Da na tsaya kan "ka yi haƙuri, Allah na gani" irin ta Inna, da ya wuce ni ina zaune. Ta waya aka sasanta, aka biya ni, ko inuwar alƙali ban gani ba.

Wanda ya hana ni barci ƙanena ne. Shekara 3 yana lodi a wani kamfanin ruwan leda a Mabera, rana ɗaya aka ce kada ya dawo, ga albashin wata biyu a hannunsu. Na ce turo takardar ɗaukar aiki. Ya ce ai mai kamfanin abokin Baba ne, a zaure aka gama magana. To, dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa, kuma mai shekarunsa a wurin notis ɗin mako 2 ake ba shi ko kuɗinsa. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Sakkwato, Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a kuma ba ta karɓar ko sisi. Na ce ya fara tattara alat ɗin banki na albashin baya, kada ya goge ko ɗaya, sannan ya je da Kawu su yi magana da mutumin tukuna. Zumunci ne, na sani. Amma ya tafi da takardun a aljihu.

Sanyi kuwa, hunturunmu na gida wasan yara ne a kan na nan. Azumi sai wata wasiƙar, motar aiki ta kusa. A gaida Inna, a ce yaji ya ƙare.