Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shekarar da Baƙon Dauro Ya Sauka Gidanmu

A makon jiya na tsaya a kan komawarmu gidan kakata. A bazarar da ta biyo baya, ina da shekara 9, ƙyanda ta shigo unguwarmu, wadda tsofaffi ba sa ambaton sunanta sai dai su ce baƙon dauro, ta kuma kama ƙanena da bai cika shekara 2 ba. Har yau ina ganin idanunsa jawur cike da kwantsa, da ƙurajen da suka faro daga bayan kunne suka gangara har ƙafa. Ni nake goya shi, tabarmarmu ɗaya, amma ko zazzaɓi ban yi ba. Da na tambayi Kaka dalili, sai ta ce, "Ke kin yi taki tun kina rarrafe, 'yar nan. Baƙon nan ba ya sauka wa mutum sau biyu."

Sai da na shiga makarantar koyon aikin jinya na san inda gaskiyar maganarta take. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake ƙera su a cikin ɓargo, su ne dakarun garkuwar jiki. Wasu haɗiye ƙwayar cuta suke yi, kuma mugunyar da ke fita daga maruru galibinta gawarwakinsu ne, kaluluwar da ke tasowa a hammata ko matsematsi kuwa sansaninsu ce inda suke taruwa su hayayyafa. Wasu kuma sinadarin kariya suke haɗawa daidai da siffar cutar da ta shigo, aikin da kan ci mako ɗaya zuwa biyu a karon farko, sannan a bar wasu daga cikinsu riƙe da kamannin cutar. A 1846 wani likita ɗan Denmak, Peter Panum, ya lura cewa tsofaffin tsibiran Faro na arewacin Turai da suka yi ƙyanda a 1781 ba ta sake kama su ba da ta dawo bayan shekara 65.

Ƙanena ya tashi, fatarsa ta saɓule, har Inna ta yi sadakar waina. Amma daga nan lafiya ta ƙi zama masa, yau gudawa, gobe tari, har ciwon huhu ya ɗauke shi kafin a yanke gero. Babu wanda ya danganta rasuwarsa da baƙon da muke ganin ya daɗe da tafiya.

Ƙwayar ƙyanda takan afka wa waɗannan ƙwayoyin masu riƙe da kamannin cututtuka, ta bar yaro tamkar bai taɓa haɗuwa da cututtukan da jikinsa ya riga ya sani ba. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna tana iya shafe kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na ire-iren sinadaran kariyar yaro. Allurar riga-kafi kuwa tana koya wa jiki kamannin ƙyanda ba tare da wannan ɓarnar ba, kuma ana yin ta a wata 9 ne saboda a lokacin kariyar da jariri ya samo daga uwa ta hanyar mabiyiya ta ja baya.

Ƙanena bai samu allurar ba, domin asibiti ya yi mana nisa. Ranar da ɗana na fari ya cika wata 9, tun kafin a buɗe ɗakin riga-kafi ina zaune a bakin ƙofa da katinsa a hannuna, Inna kuma tana gefena riƙe da zanen goyo.